Wai talaka zai iya kawo doka da hannunsa?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Jiya gardama ta kaure a rumfarmu a Kantin Kwari kan masarautu: an raba Kano gida biyar a 2019, an soke a 2024, duk a zauren majalisa, babu wanda ya ji ta bakinmu. Sai yaron shagona ya ce akwai ƙasar da talakawa ke tara sa hannu su kawo doka da kansu. Da abin na kwana a raina. Gaskiya ne? Tun yaushe?

Tsohon Malami, Gwale:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Yaronka ya yi karatu, Suwizalan yake nufi. Tun 1874 jama'arsu suka sami ikon ƙalubalantar dokar da majalisa ta yi. Yau in mutum 50,000 suka sa hannu cikin kwana 100, dole a kai ta akwati. A 1891 aka ƙara musu damar kawo gyaran tsarin mulki da kansu, yanzu da sa hannu 100,000 cikin wata 18. Daga can wasu jihohin Amurka suka koya, Dakota ta Kudu ce ta fara a 1898. Mu kuwa tsarin mulkin 1999 bai ba mu wannan ba, sai ƙuri'ar raba gardama wajen ƙirƙirar jiha ko ƙaramar hukuma, da kiranyen ɗan majalisa.

'Yar Mubi a Hotoro:
Malam, ai mun taɓa yi. Kakana ya jefa ƙuri'a a watan Fabrairun 1961, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanenmu: Najeriya ko Kamaru? Suka zaɓi Najeriya, aka yi Lardin Sardauna. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, yana cewa da hannunsa ya shigo ƙasar nan.

Abban Khalifa:
Ni ina tsoron abin. Suwizalan ɗin nan a 2009 aka jefa ƙuri'a aka hana gina hasumiyar masallaci, domin Musulmi tsiraru ne a can. Matansu ma sai 1971 mazan suka yarje musu zaɓen tarayya. Ga Nijar nan kusa, da raba gardama Shugaba Tandja ya yi tazarce a 2009, Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai. Maganar hasumiyar nan ta sosa min rai, wallahi. Duk da haka ina son a riƙa tambayarmu a kan abin da ya shafi garinmu. Malam, shi kiranyen mutum nawa ke sa hannu?

Tsohon Malami, Gwale:
Fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, Alhaji, sannan hukumar zaɓe ta tantance su.