Sayar da tashoshin New York da Los Angeles: rediyo ce ta mutu ko bashi ne ya yi nauyi?

Akanta: A 2019 kamfanin rediyo na Cumulus da ke Amurka ya sayar da tashoshi shida kan dala miliyan 103.5, ciki har da WPLJ ta New York da WRQX ta Washington. Ya ƙara da KLOS ta Los Angeles kan miliyan 43, sannan WABC, tashar AM ta New York, kan miliyan 12.5 kacal. Ni dai a wajena magana ta ƙare. Duk wanda ya saki New York, ai ya tabbatar rediyo ba ta da sauran riba.

Hajiya ta sashen talla: Malam Akanta, ka tsallake bashi. Cumulus ya sayi kamfanin rediyo na Citadel a 2011 da kuɗin rance, ya shiga kotun fatara, wato ta waɗanda suka kasa biyan bashi, a Nuwamban 2017 da bashin sama da dala biliyan biyu, ya fito a Yunin 2018. Ina zai samu tsabar kuɗi in ba a tashoshi masu tsada ba? Sannan dillalan talla a manyan birane a dunƙule suke saye. Mai FM biyar zai haɗa maka matasa da mata da direbobi a farashi ɗaya, mai biyu kuwa sai abin da ya rage. Shi ya sa Cumulus ya ba wani kamfanin rediyo, Entercom, tashar WNSH ta New York da biyu na Springfield, ya karɓi uku a Indianapolis inda yake da ƙarfi tuni.

Barista: Kuma ba kowace sayarwa ce da son rai ba. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyaka a faɗin ƙasa, amma a birni mai tashoshi 45 ko fiye, takwas ce iyakarka, kuma kada FM ko AM ta wuce biyar. Da Entercom ya haɗe da CBS Radio a 2017, ma'aikatar shari'a ta tilasta masa sakin tashoshi 13 a Boston da San Francisco da Sacramento. Lasisi ma ba ya komawa hannun mai saye sai FCC, hukumar kula da sadarwa ta Amurka, ta amince, bayan kwana 30 na masu ƙorafi.

Injiniya: Ku raba AM da FM, ranku ya daɗe. Eriyar FM a kan dogon gini take, da yawa daga na New York a saman Empire State suke. AM kuwa fili take ci, don kowace hasumiya ana binne mata wayoyin tagulla kusan 120 a kewaye. Idan birni ya cimma filin, sai ƙasar ta fi lasisin daraja. Filin tashar AM ta KABC a Los Angeles ya tashi kimanin dala miliyan 110 a 2016. Caja ta waya da fitilun LED kuma sun cika zangon AM da ƙara a cikin gida.

Akanta: To Hajiya, wa ya sayi tashoshi shidan nan na Cumulus? Educational Media Foundation, ƙungiyar Kirista da ke rayuwa da gudummawar masu sauraro. Me ya hana 'yan kasuwar talla tayawa sama da ita? Shi kansa Entercom mai tarin tashoshi, bayan ya koma Audacy, ya shiga kotun fatara a Janairun 2024 da bashin kusan biliyan 1.9.

Hajiya ta sashen talla: Na yarda kuɗin talla ya gudu Google da Facebook, farashin tashoshi ya faɗi. Amma bashin Audacy ma mafi yawansa daga haɗewar CBS ya samo asali. Kuma ƙungiyar da ta zuba miliyan 103.5 ba iska ta saya ba, kunnuwan masu mota ta saya.

Injiniya: Lissafin ƙungiyar ne ya bambanta. A 2017 FCC ta soke sharaɗin ajiye babban ɗakin watsa shiri a garin tasha. Yanzu shiri ɗaya ake turowa daga hedikwata zuwa ɗaruruwan na'urori, ba mai gabatarwa, ba ɗan jarida, ba sashen talla a garin. Ranar 31 ga Mayu, 2019 ma'aikatan WPLJ suka yi bankwana, zangonsu na 95.5 ya koma K-Love, rediyon ƙungiyar. Wannan asarar ce ke ci mini rai, kuma ba ta cikin lissafin ko ɗayanku.