Wai da me ake auna koyarwar lakcarorin injiniyanci?

Ɗan500L:
Salam 'yan uwa. Jiya aka raba mana fom a dipatmen wai mu ba lakcarori maki, yana zuwa aji kan lokaci, yana gama silabos, haka dai. Kowa ya cike da yabo don tsoron kar a gane rubutunsa. Ni kuwa abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, A na ci a kwas ɗin sakit (na lantarki) amma da na je SIWES (horon aiki da ake tura ɗalibai kamfanoni) ogan wurin ya miƙo min mita ya ce gwada min fiyus ɗin nan, wallahi sai zufa, ban ma san inda ake murɗawa ba. To malamin da ya ba ni A ɗin ya koyar ko bai koyar ba?

TsohonƊalibi:
Hhhh ƙanena ba kai kaɗai ba ne. A lokacinmu mu fi talatin kan injin lez (na sassaƙa ƙarfe) ɗaya, teknishan ya kunna mu kalla, ripot kuma na siniyoyi muke kwafa har da kuskurensu. Ranar da 'yan akreditashan (masu tantance ingancin kwas) za su zo ne ake cire ledar sabbin kaya a share ƙura, suna tafiya a mayar da kwaɗo.

Malam_Mekanikal:
Ni ina koyarwa, kuma maganarka na kan hanya amma ku ma ku yi mana adalci. Fom ɗin nan farin jini yake aunawa, wanda ya ba da handawut ya maimaita tambayoyin bara shi ne gwani a wurinku. COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta shigo da tsarin OBE (Outcome-Based Education), musamman da Najeriya ta samu shiga Washington Accord (yarjejeniyar ƙasashe kan amincewa da digirin injiniya) a matakin wucin gadi a 2023, ma'anar OBE ɗin, ba abin da na faɗa a aji za a duba ba, abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa bayan kwas. A takarda ya yi kyau. Amma ka ba ni mutum ɗari biyu a aji, babu wuta a lab, janareta ba dizal, ka ce in gwada kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ina?

Hajiya_Sibil:
Malam Allah ya ƙara haƙuri, amma ni da za a ji tawa, a riƙa tambayar kamfanonin da suka karɓi yara wata shida na SIWES, su ne suka san wanda ya iya karanta zanen gini da wanda logbuk kawai ya cike a ɗaki.

Ɗan500L:
Anti ai logbuk ɗina ma oga bai buɗe ba, hatimi ya buga ya sa hannu yana waya.