Neman shawara: shin 1,000,001 tana rabuwa kuwa?

Ɗalibi, Garwa: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina Terminale C, ajin ƙarshe na sakandare a fannin lissafi, bak kuma, wato jarrabawar kammala sakandare, ta ƙarato. An ba mu 1,000,001 mu nuna ko "nombre premier" ce, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Na gwada 2, 3, 5, 7 har zuwa 47 a kalkuleta, duk akwai ragowa. In rubuta cewa ba ta rabuwa, ko har ina zan ci gaba?

Malamin lissafi, Marwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka rubuta haka, tsayawa a 47 ba hujja ba ce. Idan lamba ta rabu gida biyu, a × b, dole ɗaya daga cikinsu bai wuce rasin kare ɗinta ba, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita. 1,000 sau 1,000 miliyan ɗaya ke nan, don haka iyakarka 1,000, kuma lambobi marasa rabuwa da ke ƙasa da nan guda 168 ne. Wa zai ba ka lokacin wannan a ɗakin jarrabawa?

Dubi siffarta tukuna. 1,000,001 = 100³ + 1³. Ƙa'idar ita ce a³ + b³ = (a + b)(a² − ab + b²). Sa a = 100, b = 1, sai ka samu 101 × (10,000 − 100 + 1), wato 101 × 9,901. Tabbatar da hannu: 9,901 × 100 = 990,100, ƙara 9,901, ga 1,000,001 cif. Inda yara ke faɗuwa shi ne alamar tsakiya: in ka rubuta + ab maimakon − ab, sai 10,101 ta fito, lissafin ya watse.

Wata 'yar uwa, Gaundare: Ƙanena, ga hanyar rage wahala nan gaba. Tunda 7 × 11 × 13 = 1,001, yanka lambar uku-uku daga dama: 1 | 000 | 001. Ɗebe, ka ƙara, bi da bi: 1 − 0 + 1 = 2. Ragowa 2 ke nan, ka kori 7, 11 da 13 a bugu ɗaya. Ga 101 kuwa, biyu-biyu ake yankawa: 1 | 00 | 00 | 01, sai 01 − 00 + 00 − 1 = 0. Sifili ya fito, 101 ta shiga.

Ɗalibi: Na gode ƙwarai. To, Malam, 9,901 fa? Ita ma za ta rabu?

Malamin lissafi: Madalla da ka tambaya, a nan ake asarar maki. 100² = 10,000, don haka gwajinka ya tsaya a 97, ta ƙarshe cikin marasa rabuwa da ke ƙasa da 100, lambobi 25 kacal. Babu wadda ta shiga: 7 ta bar 3, 11 ta bar 1, 97 ta bar 7. Ita ma 101 ba ta rabuwa, gwajin 2, 3, 5, 7 ya isa. Ke nan masu raba lambarka huɗu ne: 1, 101, 9,901 da 1,000,001.

Wani dattijo, Injamena: Kada siffa ta ruɗe ka, yaro. Masanin lissafi Fermat ma ya zaci 2³² + 1, wato 4,294,967,297, ba ta rabuwa, sai a 1732 wani masanin, Euler, ya nuna 641 × 6,700,417 ce. Maƙwabciyar taka kuwa, 1,000,003, da gaske ba ta rabuwa. Ita ce ta farko bayan miliyan. Wannan sai an bi duk 168 ɗin, ko a bar wa kwamfuta.