Shawarwarin masu lambu kan shuka Convallaria a ƙarƙashin itatuwa

Masu lambu a Turai da Amurka sun tattauna kan Convallaria majalis, ɗan tsiron nan mai fararen furanni masu ƙamshi da ke hudawa a watan Mayu, wanda Faransawa ke raba wa juna ran 1 ga wata. Bakinsu ya zo ɗaya kan cewa inuwa yake so, da ƙasa mai damshi da ruɓaɓɓen ganye, kuma sai inda ake sanyin hunturu yake yin fure sosai.

A kaka ake dasa saiwarsa, zurfin kamar santimita 3, tazarar santimita 10 zuwa 15. Shekarar farko sau da yawa ba ya yin fure sosai, sai a yi haƙuri da shi.

Inda aka fi jan magana shi ne yaɗuwarsa. Saiwar tana bin ƙarƙashin ƙasa, in ta kama wuri sai ta danne ƙananan tsirrai, kuma ko guntu aka bari wajen tonowa zai sake tofowa. Wasu sun ce a binne shinge a kewayensa, wasu kuma suka ce a ba shi gindin itace shi kaɗai. Ni na fi gamsuwa da ta biyun. A wasu sassan Amurka ma ya tsallaka cikin daji, don haka kada a zubar da saiwarsa a bakin kurmi.

Gargaɗin da ba a wasa da shi: ganye, fure da jajayen 'ya'yansa duk guba ne mai taɓa zuciya. Gidan da ke da yara ƙanana ko karnuka ya nisanta shi daga wurin wasansu.