Wasan kwamfuta a kan Yaƙin Basasa: zai koyar, ko zai fama tsohon gyambo?

Malamin tarihi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare a nan Zariya, kuma wani tsohon ɗalibina da ya karanta kwamfuta ya kawo mini shawarar mu haɗa wasan waya a kan Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970. Na saurare shi ne domin a ajina akwai jikokin waɗanda suka shiga soja ta Defo, wato barikin horar da sababbin sojoji, akwai kuma 'ya'yan Ibo na Sabon Gari, kuma duk ranar da na ambaci shekarar 1966 sai ajin ya dare biyu. Waɗannan sun tashi da labarin kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu, waɗancan kuwa da labarin kashe-kashen Mayu da Satumba a Arewa da yunwar Biyafara. Shin wasa zai iya ɗaukar wannan nauyi?

Malama daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Ya danganta da abin da kuka damƙa wa mai wasan, domin idan bindiga kuka ba shi, to kun riga kun zaɓar masa ɓangare. Akwai wasan da ake kira Attentat 1942, wanda masana na Jami'ar Charles ta ƙasar Cek suka fitar a 2017, a kan zamanin mamayar Jamus. Mai wasan jika ne da ke neman sanin dalilin da ya sa 'yan sandan ciki na Nazi suka kama kakansa bayan harin da aka kai wa Reinhard Heydrich, wani babban jami'in Nazi. Ba ya harbin kowa. Gidajen tsofaffi yake bi yana tambaya, kuma idan ya yi gatsali sai tsoho ya kama bakinsa, wani lokaci ma abin da wannan ya faɗa ya saɓa wa na wancan. Mutanen ciki ƙagaggu ne, amma an gina su a kan shaidar waɗanda suka ga abin.

Da ni ce ku, da yarinya zan fara, wadda ta buɗe akwatin ƙarfe na kakanta ta tarar da wasiƙa daga wani maƙwabcinsu tela da ya hau jirgin ƙasa zuwa Gabas bai komo ba, sai ta shiga bin sawu daga tsohon ma'aikacin reluwe zuwa tsohon soja zuwa matar da ta ɓoye mutane a ɗakinta.

Ɗan tsohon soja, Kwarbai:
Malama, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga yaƙin yana ɗingishi, kuma har ya bar duniya bai taɓa ba mu labari ba; da an tabo zancen a rediyo sai ya miƙa hannu ya kashe, ya ɗauki butarsa ya fita. Abin da irinsa suka kasa furtawa, ta yaya za a ba yaro maki a kansa? Sannan ina tsoron wasan da zai bar yaro ya zauna a teburin sulhu na Aburi, a Ghana, na Janairun 1967 ya sasanta Gowon da Ojukwu, ya tashi yana ganin magabata wawaye ne. Kuma wa zai rubuta? Idan mu kaɗai ne, na san za a tsallake kisan fararen hula da sojojin tarayya suka yi a Asaba a Oktoban 1967, kamar yadda wasu ke tsallake kisan Birgediya Maimalari a juyin mulkin Janairu.

Malama daga Samaru:
Yallaɓai, maganar maki gaskiya ce, a cire shi gaba ɗaya. Tarihin ma kada ya sauya: Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, mataimakinsa Effiong ya miƙa wuya a Janairun 1970, komai yaro ya danna. Abin da zai sauya shi ne wanda ya yarda ya yi masa magana, da yawan abin da ya ji.

Malamin tarihi, Tudun Wada:
Na gode muku. Zan nemi dattawan Ibo biyu na Sabon Gari su karanta rubutun tare da mu kafin a zana ko hoto ɗaya, kuma wasan ba zai buƙaci data ba, tunda yawancin yarana wayar iyayensu suke ara. Yallaɓai, idan ba za ka damu ba, ina son in sa dattijo mai kashe rediyo a ciki, ba tare da suna ba, wanda duk tambayar da aka yi masa ba zai amsa ba. Ka amince?