Fahimtar masu ramuwa goyon baya ne?

Mai Tambaya: Jama'a, idan na ce na fahimci masu ramuwa bayan harin ta'addanci, na goyi bayansu ke nan?

Lauya: A'a, malam. Ko kotu tana sauraron dalili don sassauta hukunci, ba don wanke mai laifi ba. Wanda ya ƙona gidan wanda bai ji ba bai gani ba, shi ma a gurfanar da shi.

Manazarci: Illar tana wajen kamun kan mai uwa da wabi. A 1971 Birtaniya ta tsare ɗaruruwa a Arewacin Ireland ba shari'a, sai IRA, ƙungiyar 'yan bindiga da ke yaƙar mulkin Birtaniya a yankin, ta ƙara samun mabiya.

Lauya: Sannan ikirarin da aka tatsa da azaba kotu watsi take da shi. A killace wurin harin, a adana hujjoji, a kare shaidu.