Hadda ko fahimta: musayar waƙa ta 'yan Maradi

Malam na Bagalam
Salamu alaikum. Jarrabawar BEPC (ta gama ƙaramar sakandare) da Bac (ta gama babbar sakandare) na matsowa, ga nawa baitin:

Da sunan Allah nake farawa,
Yaro, ka tashi kafin gari ya yi wayewa,
Bayan asuba kai yake buɗewa,
Abin da ka zuba a lokacin yana zaunawa.

Mu da muka yi allo a tsangaya,
Ba ka wanke shi sai ka biya,
Gaban malam, ba tuntuɓe ko ɗaya,
Haddar da ba tilawa takan koma baya.

Ɗan Tarminal, unguwar Zariya
Gafarta Malam, ban ƙi taka ba,
Bara ban yi wasa da kaye, littafin rubutuna, ba,
Na haddace Faransanci, ban san nufinsa ba,
Ranar Bac aka juya tambaya, ban gane ta ba,
Bik na hannuna, hannun bai motsa ba,
Da aka kira sunayen masu ci, ban ji nawa ba.

Ɗiyar Mokoyo
Wayyo ƙanena. Ina shekara ta biyu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma abin da ya fitar da ni ke nan:

Ƙanena, kar ka ɗauki wannan da wasa,
In ka dawo lakwal, aje kaye a ƙasa,
Kira ƙanwarka, ba ta darasin da Hausa,
Inda harshenka ya sarƙe, nan ne giɓinsa.
Gobe ɗaga hannu, tambayi mushe, malamin aji, shi kansa,
Mai jin kunyar tambaya ba ya yin nisa.

Mushe na Tibiri
Ɗiyata ta faɗi gaskiya. Ni da alli ya ci yatsuna, bari in ƙara:

A 1945 gulbi ya cinye tsohon gari,
Kakanni suka hau tudu suka sake tsari,
Karatun daren jarrabawa gini ne a kwari,
Tun Oktoba ake aza tubali da haƙuri.

Ina ganinku a fada, ko da ana ɗari,
Shayi na uku, waya a hannu, babu shiri,
Ƙarfe biyu na dare ba a kwanta da wuri,
Da safe a aji gyangyaɗi ne jeri-jeri.
Kan da bai yi barci ba tulu ne mai tsaguwa,
Komai na zuba masa, kafin azahar yana yoyewa.

Malam na Bagalam
Ɗiyar Mokoyo, Allah ya yi miki albarka,
Mu ma ba mu tsaya ba ranar sauka,
Sai zaure, littafin fiƙihu a hannunka,
Malam na fassara kalma-kalma da harshenka.
Yaro, riƙe hadda, ita ce rumbunka,
Amma a sussuka, a daka, kafin ya zama tuwonka.

Ɗan Tarminal, unguwar Zariya
Yaya, daren jiya na gwada naki,
Na zaunar da ƙanwata a ƙofar ɗaki,
Yadda ganye ke haɗa abinci da rana, na ba ta daki-daki,
Ta ce, “Me ya sa ganyen kore ne?” Na kasa buɗe baki.
Na rubuta tambayar a bangon kaye da jan biki,
Mushe, Litinin zan zo da ita kafin ka fara aiki.